Lasifikar Fam Dubu a Falon Tayil: Nazarin Wani Aiki a Birnin Kebbi

A cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40 tun kafin azahar, wani dattijo mazaunin unguwar Gesse, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya aiko direbansa shagona da saƙon in zo in duba masa kayan sauti. Sana'ata ta yau da kullum ita ce haɗa lasifikokin masallatai da wuraren taro da gyaran amfilifaya, saboda haka na ɗauki jakar kayan aiki da zaton wani abu ne ya ƙone. Da na isa sai na tarar babu abin da ya ƙone, kayan ma sababbi ne fil, amma mai su ba ya jin daɗinsu. Bayan mun gaisa ya nuna mini wasu ƙananan akwatuna biyu a kan kabad ɗin talabijin, ya ce, "Malam, wanga kaya ɗana ya aiko min su daga Ingila, ya ce babu irinsu, amma ni kotso ba ya fito min kamar kotso."

Lasifikokin KEF LS50 Meta ne, kuma ɗan nasa bai yi ƙarya ba. Kamfanin KEF, wanda Raymond Cooke ya kafa a 1961 a yankin Kent, ya fitar da LS50 ta farko a 2012, sannan ya fitar da wannan da aka inganta a 2020 a kan kusan fam 1,000. Abin da ya bambanta ta shi ne an dasa tuwita, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, a tsakiyar wufa, wato babban bakin, mai faɗin inci 5.25, ta yadda siririn sauti da matsakaici ke fitowa daga wuri ɗaya, kamar yadda murya ke fitowa daga baki ɗaya. An haɗa su da wata amfilifaya mai wat 45 a kowane ɓangare, wadda ita ma ba ta da aibu.

Koken Alhaji guda uku ne. Sautin ba shi da nauyi. Idan ya ƙara murya sai ya koma tsawa mai huda kunne, bayan kamar minti 40 kuma amfilifayar ta kashe kanta. Sannan duk lokacin da aka ɗauke wuta gidan ya koma kan inbata, sai a riƙa jin wani zuuu kamar ƙudan zuma sun shiga kabad. Wani mai sayar da kayan sauti a Legas ya riga ya gaya masa ta waya cewa maganin abin shi ne ya sayi amfilifaya mai wat 200, kuma ya turo lambar asusu. Alhaji yana so ya ji ta bakina kafin ya tura kuɗin.

Na fara da tambayarsa abin da yake saurare, domin lasifikar da ta dace da mai kallon fim ba lallai ta dace da shi ba. Ashe kusan duk saurarensa bai wuce abu biyu ba: karatun Alƙur'ani da safe, da kuma tsofaffin waƙoƙin makaɗan fada na ƙasar Kabi da Zamfara da yamma, waɗanda aka kwafo daga kaset zuwa waya. Wannan ya faɗa mini inda zan sa kunne. Muryar babban namiji tana tasowa ne daga wajen haz 85 zuwa 180 (haz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), amma abin da ke sa a rarrabe kalma da kalma yana tsakanin haz 300 da 3,400. Kotso kuwa, da yake ana matsa tsarkiyarsa a ɗaga muryarsa ko a sauke ta don ta bi karin harshe, magana yake yi, kuma mai saurare irin Alhaji yana jin abin da gangar ke cewa. Irin wannan kunnen bai damu da girgizar ƙasa ta gidan biki ba. Abin da yake nema shi ne tsakiyar sauti ta fito da jiki, bugun hannu a kan fata kuma ya fito da kaifinsa.

Daga nan na auna falon: mita 7 ne a tsawo, mita 5 a faɗi, silin ɗinsa mita 3. Ƙasan tayil ne zalla, bangon siminti ne mai fenti, tagogi biyu manya da siraran labule, kujerar da Alhaji ke zama kuma tana manne da bangon baya. Na tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin, muka ji tafin yana karkarwa tsakanin bango da bango kafin ya mutu. Ruwa ba ya tsami banza, kuma tun daga wannan tafin na san cewa rabin tsawar da yake kuka da ita ta ɗakin ce.

Sauran rabin na same shi a bayan kabad. Wanda ya haɗa kayan ya yi amfani da siririyar wayar fitila mai kaurin murabba'in milimita 0.5, ya bar ta da tsawon kusan mita 10 a kowane ɓangare ya naɗe ragowar. Irin wannan wayar, zuwa da dawowa, tana da turjiyar kusan om 0.7, alhali ita LS50 Meta, ko da yake an rubuta mata om 8, tana sauka har om 3.5 a wasu muryoyin. Ke nan a daidai lokacin da lasifikar ta fi bukatar wuta, wani kaso mai yawa na ƙarfin yana ƙarewa ne a hanya. Abin da ya fi wannan muni shi ne lasifikar hagu an juya mata waya, ja a gurbin baƙi. Idan haka ta faru, lokacin da wufar dama ke turo iska ta hagu janye ta take yi, sai kaurin sautin ya cinye kansa, muryar mai waƙa kuma ta rasa mazauni a tsakiya, ta watse a ɗaki. Na gyara wannan cikin minti biyu, na sake kunna waƙar da ke kai, Alhaji ya ɗago kai ya ce, "To, mi ka taɓa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, waya ce kawai."

Na musanya wayar da mai kaurin murabba'in milimita 2.5, mita 4 a kowane ɓangare, wadda turjiyarta ba ta kai om 0.06 ba. A nan ya kamata in faɗi ra'ayina, ko da masu sayar da wayar lasifika ta dubban ɗaruruwan naira ba za su so ba: a irin wannan tazarar, wayar jan ƙarfe mai kauri ta wadatar. Abin da mutum zai kiyaye a kasuwarmu shi ne wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, kuma gane ta ba wuya, a kankare silin da wuƙa, idan fari ya bayyana a ajiye ta.

Batun wuta ya fi cin lokaci. Na sa mita a soket da yamma na ga wutar gari tana yawo a wajen bolt 190, alhali an ƙera amfilifayar ne don 230. A yawancin amfilifayoyi masu transfoma, ƙarfin da suke iya bayarwa yana raguwa fiye da yadda wutar ta ragu, domin ninki biyu abin ke shafa: faɗuwa daga 230 zuwa 190 tana mayar da wat 45 zuwa kimanin wat 31. Sannan an kulle ta a cikin kabad mai ƙofar gilashi, dikodar talabijin tana zaune a kan ramukan da zafi ke fita. Na ɗora tafin hannuna a kanta na janye da sauri. Kashe kanta da take yi ba lalacewa ba ce, kariyar da aka gina mata ce ke aiki, kuma da ba don ita ba da tuni an kawo mini ita shago. Zuuu ɗin da ake ji kuwa daga inbatar gidan yake, wadda irin mai araha ce da ke fitar da wuta mai tsalle-tsalle kamar matakala maimakon mai santsi irin ta gari, kuma transfoma ba ta jure wannan sai ta yi kuka ta yi zafi. Muka fito da amfilifayar sarari, muka sa mata sitabilaiza, Alhaji kuma ya amince a sayo ƙaramar inbata mai tsabtatacciyar wuta a ware ta don kayan sautin kaɗai.

Bayan an shimfiɗa babban kafet tsakanin lasifikokin da wurin zama, an rataya labule masu nauyi, an sauke lasifikokin daga kabad zuwa kan ƙafafunsu an janye su kamar rabin mita daga bango saboda ramin iskarsu yana baya, an kuma jawo kujerar gaba har tazarar ta zama mita 4, sautin ya gyaru ƙwarai. Janye kujerar yana da dalili: kowane ɗaki yana da muryoyin da yake kumburawa gwargwadon girmansa, a wannan falon wajen haz 25 da 34 da 57 da ninkinsu, kuma a jikin bango ne kumburin ya fi taruwa. Duk da haka wani abu ya rage. Idan Alhaji ya kunna iyakwandishan da fankar sama, wanda a Afrilu babu makawa, sai ya ƙara murya don ya rinjayi hayaniyarsu, kuma da zarar 'yan amshi sun shigo tare da ganguna sai sautin ya ƙuntata ya yi kaushi.

A nan lissafi ya shigo, kuma shi ne zuciyar wannan lamari. Mutanenmu sun saba tambayar lasifika wat nawa ce, alhali adadin da ya fi muhimmanci shi ne ƙarar da take bayarwa idan an ba ta wat ɗaya aka auna daga mita ɗaya. Na LS50 Meta desibel 85 ne. Duk lokacin da tazara ta ninka ana asarar desibel 6, don haka a mita 4 an rasa 12, saura 73. Kasancewarsu biyu da taimakon bangon ɗaki suna dawo da kamar 6, a ce 79. Alhaji yana saurare a wajen desibel 85 idan fanka na juyawa, bugun ganga kuwa yakan yi tsalle sama da matsakaicin sauti da kamar desibel 15, ke nan ana bukatar kayan su iya taɓa 100 ba tare da sun shaƙe ba. Kowane ƙarin desibel 3 yana cin ninkin wuta, kowane 10 kuma ninki goma, saboda haka tashi daga 79 zuwa 100 yana neman fiye da wat 120. Amfilifayar tana da 45, waɗanda ba za su wuce da shi desibel 95 ko 96 ba. Idan aka matsa mata fiye da haka sai ta riƙa sare kan igiyar sautin, wannan sarewar ce kaushin da ake ji, kuma ita ce ke ƙona tuwita. A shagona na fi ganin tuwitar da ƙaramar amfilifaya ta kashe fiye da wadda babba ta kashe.

To ashe mutumin Legas yana da gaskiya? Yana da rabinta. Kamfanin da kansa ya ba da shawarar amfilifaya mai wat 40 zuwa 100 ga wannan lasifikar, ya kuma rubuta cewa iyakar ƙararta desibel 106 ne a mita ɗaya, wanda a kujerar Alhaji ya zama 100 cif, babu rarar ko ɗaya. Ƙaramar wufa mai inci 5.25 tana da iyakar iskar da za ta iya turawa komai yawan wutar da aka ɗura mata, kuma kaurin sautinta yana fara raguwa daga wajen haz 79. Amfilifaya mai wat 200 za ta kawar da kaushin, amma za ta kai lasifikar bakin iyakarta kullum, a falo mai faɗin murabba'in mita 35. Na gaya wa Alhaji cewa kafin a kashe kuɗi gara a jiyo wasu lasifikokin a cikin wannan ɗakin da wannan amfilifayar, domin a harkar sauti ji ne ke korar gani.

Samun abin gwadawa a Kebbi ba ƙaramin aiki ba ne, don babu shagon da zai ba ka aron irin waɗannan kaya. Sa'a ɗaya, na taɓa yi wa wani likita aiki a Argungu wanda ke da Wharfedale Linton, kuma wani abokin Alhaji a Sakkwato yana da Klipsch Heresy IV da ya shigo da su daga Amurka. Duka biyun suka yarda a kawo na kwana biyu. Linton, wadda aka sake fitarwa a 2019 daga kamfanin da Gilbert Briggs ya kafa a 1932, tana da wufa mai inci 8 da matsakaiciya da tuwita, om 6, desibel 90, kuma farashin da ta fito da shi a Ingila bai yi nisa da na KEF ɗin ba. Heresy kuwa tsohon zubi ce da Paul Klipsch ya fara ƙerawa a 1957, sunanta ma yana nufin bidi'a, domin ta saɓa wa ƙa'idarsa ta lasifikar da ake cusawa a kusurwar ɗaki. Tana da wufa mai inci 12, matsakaicinta da tuwitarta kuma suna cikin ƙaho irin na bakin algaita, an rubuta mata desibel 99, kuma ta fito a kan kusan dala 3,000.

Sharaɗin da na gindaya shi ne a daidaita ƙarar kowace kafin a saurara. Kunnen ɗan Adam yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau, ko da bambancin desibel ɗaya ne, kuma da wannan ake cin kasuwar mutane da yawa. Na riƙa kunna sautin gwaji ina aunawa da manhajar waya daga kujerar Alhaji, ina sa alamar biro a jikin maɓallin murya don kowace lasifika. Muka zaɓi abu uku ba mu canza ba: karatun wani alaramma, waƙar kotso da aka kwafo daga kaset, da wani sabon ɗauka na kalangu da gurmi mai tsabta.

Heresy ce ta fara burge kowa. Ko da an rage wasu desibel daga abin da aka rubuta, tun da alƙaluman kamfanoni ba duka ake auna su ta hanya ɗaya ba, ba ta bukatar fiye da 'yan wat kaɗan ta cika falon, kuma amfilifayar ko ɗumi ba ta yi ba. Da aka sa kalangu, direban Alhaji da ke tsakar gida ya leƙo ta taga yana neman makaɗin. Amma lasifikar da ke ɗaga ƙaramin sauti haka ba ta zaɓen abin da za ta ɗaga. Shuuu ɗin tsohon kaset ya fito fili ya zauna a gaban waƙar, muryar zabiyar da aka ɗauka da makirufo mai rauni ta yi tsini, sannan idan an tsayar da kiɗa ana jin ɗan hucin amfilifayar daga mita 4, abin da ba a ji ko kaɗan a kan KEF. Ga wanda tarin waƙoƙinsa sababbin ɗauka ne, da ita zan ba shi shawara ba tare da jinkiri ba. Tarin Alhaji kuwa kashi mafi yawa kaset ne.

A kan karatun alaramma, da ƙaramar murya kuma fanka a kashe, KEF ta fi sauran biyun, kuma ban ga amfanin ɓoye hakan ba. Muryar ta tsaya a tsakiya kamar mutum na zaune a kan buzu, ana jin inda ya ja numfashi da yadda haruffan maƙogwaro ke fita. Linton ba ta kai ta wannan tsabtar ba, ta ɗan lulluɓe gefen muryar. Sai dai da aka kunna fanka da iyakwandishan aka sa waƙar kotso a kan alamar desibel 85, labari ya sauya. Bambancin desibel 5 da ke tsakaninsu yana nufin Linton tana bukatar kashi ɗaya cikin uku ne kawai na wutar da KEF ke nema, wato wajen wat 40 maimakon fiye da 120, kuma amfilifayar tana da wannan. Kaurinta yana sauka har wajen haz 40, don haka gangar ta samu ciki, 'yan amshi suka shigo ba tare da sautin ya ƙuntata ba, kuma laushin da ya rage mata maki a kan karatu shi ne ya rufa wa kaset asiri. Alhaji ya saurari waƙar har ƙarshe yana kaɗa yatsa a hannun kujera, sannan ya ce a maimaita. Muka bar ta tana aiki awa biyu, na taɓa amfilifayar na ji ɗuminta bai wuce na kofin shayi da ya huce ba.

Shawarar da na rubuta masa ita ce kada ya sayi amfilifayar wat 200, ya nemi lasifika mai desibel 89 zuwa 91 da wufar da ba ta gaza inci 8 ba, ya bar amfilifayarsa a sarari, ya riƙa rufe kayan da ƙyalle idan hunturu ya shigo saboda ƙura. Na ƙara masa da cewa desibel 85 shi ne matakin da masana lafiyar ji suka sa iyakar awa 8 a kansa, saboda haka rage hayaniyar fanka ya fi ƙara murya alheri ga kunnen mai shekaru irin nasa.

Yadda aka ƙare bai zo ta inda na tsara ba. Da likitan ya zo ɗaukar kayansa, ya zauna ya saurari KEF ɗin daga kusa, sai ya faɗa mana cewa ɗakin da yake saurare a Argungu bai fi mita 3 da rabi ba, kuma Linton ɗin tana cika masa shi da gurnani har ya kan toshe ramukan bayanta da safa. A tazarar mita ɗaya da rabi da yake zama, asarar nisa ba ta kai desibel 4 ba, wat 20 ma sun ishi KEF. Suka yi magana tsakaninsu a kan musanya, ni dai ban sa baki a cinikin ba, illa na ce a haɗa da ƙafafun kowace domin tsayinsu ba ɗaya ba ne. Bayan sati biyu na je Argungu na kafa wa likitan nasa, na dawo Gesse na ɗan karkato Linton ɗin zuwa kujerar Alhaji na sa alamar tef a kan tayil inda ƙafafun za su riƙa zama, saboda masu shara suna tura su jikin bango kowace safiya. Ƙaramar inbatar ta iso daga Kano a ƙarshen watan Mayu, na haɗa ta, aka ɗauke wuta muna zaune, karatun da ke kai ya ci gaba ba tare da zuuu ɗin ba.